Faso: Tsagar dunduniyar da ake rainawa a hunturu, wadda ke raba wasu da ƙafarsu

Kafin mutane su fito da rigunan sanyi daga ƙasan akwati, ƙafa ce take fara sanar da shigowar hunturu a Kano. Dunduniya ta yi fari, fatar ta yi kauri ta zama kaushi, daga nan sai ta fara tsagewa. A lungunan Yakasai, Ƙoƙi, Mandawari da Zangon Barebari, ba abin mamaki ba ne a wannan lokaci ka ga magidanci yana ɗingishi zuwa masallacin asuba, ko uwar gida tana taka ƙasa da kan yatsu, saboda faso ya hana su dafa dunduniya.

Ga mafi yawan mutane, wannan wahala ce ta wata uku zuwa huɗu, kuma maganinta bai wuce ruwan ɗumi da dutsen goge kaushi da man kaɗanya ba. Amma ga mai ciwon suga, musamman wanda bai ma san yana da shi ba, wannan 'yar tsagar tana iya zama ƙofar gyambon da zai kai shi gadon asibiti, wani lokaci har ɗakin tiyata.

Me ya sa dunduniya take tsagewa?

Iskar hunturu tana tasowa ne daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Maris, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗaukowa daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi yake fitowa. Busasshiyar iska ce ƙwarai. A tsakiyar hunturu danshin iska a Kano yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Shi ya sa wanki yake bushewa nan da nan, leɓe ya tsage, wasu yara su riƙa haɓo. Yadda iskar take shanye ruwan da ke jikin wanki, haka take shanye na fatar mutum.

Tafin ƙafa kuwa ya fi ko'ina saurin jin jiki, domin fatar wurin ba ta da ƙofofin da ke fitar da maiƙo irin na fuska ko kai, gumi kawai take fitarwa. Sannan a ƙarƙashin dunduniya akwai wani ɗan matashin kitse da yake bajewa gefe da gefe duk lokacin da mutum ya taka ƙasa. Idan fatar da ke kewaye da shi tana da laushi, sai ta miƙe ta koma daidai. Idan kuwa ta bushe ta yi tauri, nauyin jikin sai ya tsaga ta, kamar yadda daɓen ƙasa yake dararrashewa da rani.

Akwai abubuwan da ke ƙara tsananta lamarin: doguwar tsayuwa a kan siminti, ƙiba, yawan shekaru, tafiya ba takalmi, da kuma silifas ko duk takalmin da bayansa yake buɗe, saboda ba abin da ke riƙe dunduniyar. Wanka da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai kaifi shi ma yana wanke ɗan maiƙon da ya rage a fata.

Waɗanda abin ya fi kamawa a cikin birni

A cikin ganuwa, sana'o'i da yawa suna haɗa ƙafa da ruwa da ƙura a lokaci guda, kuma wannan haɗin ne faso ya fi so. Ɗan garuwa da ke tura kurar ruwa a lungunan da mota ba ta shiga, ƙafarsa takan jiƙe ta bushe sau da yawa kafin azahar. Haka marinan Ƙofar Mata da ke aiki da ruwan baba da toka, da majema, da masu wanki da guga, da 'yan dakon kasuwar Kurmi da ta Rimi waɗanda ke wuni a tsaye da kaya a ka.

A cikin gida kuma, matar da ke tsayawa cikin ruwan omo a tsakar gida tana wanki ko wanke-wanke ba ta tsira ba, domin aikin omo shi ne cire maiƙo, ba ya bambanta na tukunya da na fata.

Alwala ma tana shigowa cikin lissafin. Ruwan ba shi da laifi, abin da ke biyo baya ne: a wanke ƙafa sau biyar a rana, a zura ta jiƙe cikin silifas, a fita cikin iska da ƙura. Kowace bushewa tana tafiya da wani danshi na fatar. Tsane ƙafa da ƙaramin tawul da shafa ɗan mai bayan an idar da sallah suna rage wannan sosai.

Reza, gam da kyandir

Idan faso ya matsa, dabarun da ake yi masa sun fi shi haɗari. Na farko shi ne yanke kaushi da reza. Masu yankan farce da ke zagayawa kasuwanni da bakin masallatai sukan haɗa da kankare kaushi a kan 'yan kuɗi kaɗan, kuma mutum yakan tashi yana jin ƙafarsa sakayau. Sai dai matsala biyu ce a ciki. Reza ba ta san inda matacciyar fata ta ƙare ba, sau da yawa takan taɓa nama. Sannan ƙarfen da ya taɓa jinin wani yana iya ɗauko cuta zuwa jikin wani.

Babbar barazanar a nan ita ce ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a faɗin ƙasa a shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 8 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ƙwayar tana iya rayuwa a wajen jiki na aƙalla kwana bakwai. Goge almakashi da tsumma ko tsoma shi a ruwan sabulu ba ya kashe ta. Sai a shekarar 2004 aka shigar da allurar rigakafin wannan cuta cikin jerin alluran yara a Najeriya, don haka yawancin manyan da aka haifa kafin lokacin ba su samu ba, sai wanda ya je ya nema da kansa. Wanda ya saba kiran mai yankan farce, abin da ya fi masa shi ne ya mallaki nasa kayan yankan, ya riƙa miƙa wa mai yankan.

Wasu kuma sukan ɗiga narkakken kyandir a cikin tsagar, wasu su liƙe ta da Super Glue, wasu su shafa baƙin mai na inji ko kalanzir. Kyandir mai zafi ƙuna yake ƙarawa a kan rauni. Gam ɗin kasuwa ba don jikin mutum aka yi shi ba, kuma idan tsagar akwai datti a ciki, sai ya rufe ƙwayoyin cuta su ci gaba da aiki daga ƙasa. Baƙin mai da kalanzir kuwa suna cin fata ne kawai.

Mata su ma akwai abin lura wajen ƙunshi. Jan lalle na gargajiya bai cika damun fata ba, amma baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da sinadarin da kan sa wasu ƙaiƙayi, kumburi da ƙuraje masu ruwa. Ɗora shi a kan fatar da ta riga ta tsage ganganci ne. A bari fason ya warke tukuna.

Haka nan mayukan tub da ake saya a kemis ba tare da takardar likita ba, irin waɗanda ake cewa suna maganin kowace cutar fata. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda idan aka daɗe ana shafawa yake sa fata ta yi siriri, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri.

Yadda ake maganinsa a gida

Ga mai lafiya wanda ba shi da ciwon suga, hanyar da likitocin fata suke ba da shawara mai sauƙi ce, kuma kayanta duk suna nan a Kurmi da Ƙofar Wambai.

Da daddare, bayan sallar isha'i, a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi na minti goma zuwa sha biyar. Ruwan ya zama wanda hannu zai iya zama a ciki ba tare da an janye ba.

A goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa. Ba a cire shi duka a dare ɗaya, sau biyu ko uku a mako ya isa. Da zarar wurin ya fara ja ko zafi, a dakata. Kowa kuma ya riƙe nasa dutsen.

A tsane ƙafar da tawul, har tsakanin yatsu. Barin danshi a tsakanin yatsu shi ke kawo cin ruwa.

Nan take, tun fatar tana da ɗan danshi, a shafa mai mai kauri: man kaɗanya ko basilin. Aikinsu shi ne toshe hanyar da ruwan fata yake bi ya fita, shi ya sa shafa su a kan jiƙaƙƙiyar fata ya fi shafa su a kan busasshiya amfani. Idan kaushin ya yi kauri sosai, a tambayi mai kantin magani man ƙafa mai ɗauke da sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, wanda yake tausasa tauraren fata. Yakan ɗan yi zogi idan tsagar a buɗe take.

A sa safa ta auduga a kwana da ita. Safar tana hana man gogewa a jikin zanin gado, tana kuma kare ƙafar daga iska.

Da safe a sake shafawa, a sa takalmi sau-ciki ko mai rufin dunduniya idan za a fita. Wanda sana'arsa ta ruwa ce, takalmin roba mai tsawo zai taimake shi, amma ya cire shi da ya gama aiki, ya tsane ƙafar.

Wanda ya lizimci wannan yakan ga sauyi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa da zarar an ji sauƙi, alhali iskar tana nan har ƙarshen Fabrairu ko Maris.

Ga mai ciwon suga, lissafin daban ne

Suga idan ya daɗe yana hawa a jini yana yi wa ƙafa ɓarna ta hanya uku. Yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da raɗaɗi, har mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai ji ba. Yana rage gumin tafin ƙafa, sai fatar ta ƙara bushewa, faso ya ƙaru. Yana kuma cushe hanyoyin jini tare da raunana garkuwar jiki, sai ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Idan waɗannan suka haɗu da ƙurar lungu da ruwan kwata, tsagar da ba ta kai tsawon farce ba tana iya zama gyambo cikin 'yan kwanaki, mai ita kuma bai ji komai ba.

Wani bincike da likitoci suka gudanar daga shekarar 2016 zuwa 2017 a manyan asibitoci shida na Najeriya, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya bi diddigin masu ciwon suga 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. Fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa. Kusan ɗaya cikin biyar kuma ba su fita daga asibitin da rai ba. Mafi yawansu sun iso ne bayan gyambon ya riga ya yi nisa.

Wannan jinkirin yana da dalilansa, kuma duk wanda ya zauna cikin birni ya san su. Akwai tsoron kuɗin asibiti. Akwai tsoron cewa da an je za a ce a yanke ƙafa, don haka sai a ɓoye ta a cikin tsumma. Akwai kuma fassarar da ake yi wa gyambon da ya ƙi warkewa cewa mutum ya taka asiri ne ko an yi masa jifa, sai a shafe makonni ana wanki da sassaƙe da barbaɗa gari. Kafin a yanke shawarar tafiya Asibitin Murtala, wanda ga shi nan dab da Ƙofar Mata, ƙwayoyin cuta sun riga sun kai ƙashi. Abin takaicin shi ne, zuwa da wuri ne yake hana yankan da ake gudu.

Babbar matsalar kuma ita ce waɗanda ba su san matsayinsu ba. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2021 cewa manya kusan miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma a nahiyar Afirka fiye da rabin masu shi ba a taɓa auna su aka gano ba. Wasu sai a dalilin gyambon ƙafa suke jin sunan ciwon a karon farko.

Saboda haka, wanda fasonsa ya ƙi jin magani, kuma yana fama da yawan fitsari musamman da dare, ƙishirwa marar yankewa, rama ba dalili, ko yana jin kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa, ko zafi kamar an zuba barkono, ko ƙafar ta yi kamar ba a jikinsa take ba, ya je a auna masa suga. Awon ɗigon jini ne daga yatsa, ba ya ɗaukar minti biyar. Idan aka auna da safe kafin a ci komai aka ga 126 ko sama da haka a ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, to sai a ga likita ya maimaita ya tabbatar. Wanda ya haura shekara arba'in, ko yake da mai ciwon a cikin iyaye ko 'yan uwa, bai kamata ya jira alama ba.

Abin da mai ciwon suga zai kiyaye a hunturu

Ya duba ƙafarsa kullum da rana ko a wuri mai haske: sama, ƙasa, dunduniya da tsakanin yatsu. Idan ba ya iya sunkuyawa ko idonsa ya yi rauni, ya yi amfani da madubi ko ya sa wani a gida ya duba masa.

Kada ya jiƙa ƙafa na dogon lokaci kamar yadda aka faɗa wa masu lafiya. Wankewa da tsanewa sun isa. Kada kuma reza ko almakashin mai yankan farce su kusanci kaushinsa, wannan aikin ma'aikacin lafiya ne.

Ya gwada zafin ruwan wanka da na alwala da gwiwar hannu kafin ya zuba a ƙafa, domin ƙafar ba za ta gaya masa gaskiya ba.

Kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon garwashi ko murhu don jin ɗumi. Tsofaffi da yawa sun ƙone a haka ba su sani ba sai da safe. Safa ta fi. Shi kansa kaskon ba a kwana da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙin gawayi da ba a gani kuma ba a jin warinsa yana kisa.

Ya shafa mai a sama da ƙasan ƙafa, amma banda tsakanin yatsu.

Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida ne. A harabar masallaci, inda dole a cire takalmi, ya bar safarsa a ƙafa. Kafin ya sa takalmi kuma ya zazzage shi ya shafa cikinsa da hannu, kada tsakuwa ko ƙusa ta maƙale.

Duk lokacin da ya je ganin likita, ya cire takalmi da safa ya nemi a duba masa ƙafa, ko da ba a tambaye shi ba. Sama da duka, ya ci gaba da shan maganinsa, domin sugan da ke hawa ne tushen matsalar.

Yaushe za a tafi asibiti?

Ga kowa da kowa: idan tsagar ta yi zurfi tana jini, ko wurin ya yi ja ya kumbura ya ɗau zafi, ko yana fitar da mugunya ko wari, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko an yi mako biyu ana shafa mai ba sauyi. Wani lokaci abin da ake zaton faso ne wata cutar fata ce daban da take buƙatar nata maganin. Idan rauni mai zurfi ya haɗu da ƙasa ko datti, a tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar tetanus, cutar nan mai sanƙarar da jiki da sarƙe haƙora.

Ga mai ciwon suga kuwa ba a jiran waɗannan alamomi. Duk wani rauni a ƙafa, komai ƙanƙantarsa, ko bororo, ko yatsan da ya fara sauya launi zuwa baƙi, a kai shi asibiti a ranar ko washegari. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa zai iya wanke raunin ya auna suga, ya tura mutum gaba idan abin ya fi ƙarfinsa.

Ƙafafun da ba mai duba su

A kowace unguwa akwai mutum biyu da faso ya fi yi wa illa, kuma su ne ba sa kai ƙara. Na farko almajirin da ke zuwa ƙofar gida da safe cikin sanyi, ƙafa ba takalmi ko da silifas ɗin da rabin dunduniyarsa ya cinye, tsagar har tana tsatsar jini. Gidan da yake yi wa aike ko wanke-wanke zai iya haɗa masa da silifas mai kauri, safa ko ta gwanjo ce, da ƙaramin gwangwanin basilin. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Na biyu tsoho ko tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, waɗanda ido ya yi rauni, baya kuma ba ya lanƙwasuwa balle su ga tafin ƙafarsu. Ana gaishe su safe da yamma, ana tambayarsu ya ƙarfin jiki, su ce da godiya, amma ba a cika samun wanda zai ɗaga bargo ya kalli ƙafar ba. Idan akwai Baba ko Hajiya mai ciwon suga a gidanku, yau da daddare a haska fitilar waya a duba dunduniyarsu da tsakanin yatsunsu, a shafa musu mai, a sa musu safa. Idan an ga rauni, gobe da safe a kama hanyar asibiti.